Hukuncin Dillalan Hannun Jari: Abin da Yake Gyarawa da Inda Ikonsa Ya Tsaya

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa hukuma ta dakatar da wani dillalin hannun jari, ko ta soke rajistar kamfaninsa, ko ta haramta masa shiga kasuwa har iyakar rayuwarsa, akan sami masu sauraro sun rarrabu a fahimta: wasu su ɗauka an kama ɓarawo ke nan, gobe za a mayar wa kowa da dukiyarsa, wasu su ce ai dama harkar caca ce da aka yi wa ado da takardu, wasu kuma su gwama labarin da na kamfanonin nan masu alkawarin ninka kuɗi, su mai da su abu guda. Kowane daga cikin zatukan nan yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma babu wanda ya dace da haƙiƙanin al'amarin, kuma wanda ya gina shawarar dukiyarsa a kan ɗayansu yana iya yin nadama.

Mas'alar nan, ko da yake cibiyarta tana Legas da Abuja, ba ta yi wa mutanen ƙasar Bagudo nisa kamar yadda ake zato ba. Ƙaramar hukuma ce ta jihar Kebbi wadda kogin Kwara ya ratsa, tana iyaka da Jamhuriyar Benin, kuma mutanen garuruwanta irin su Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya sun daɗe suna cinikin hatsi da albasa da dabbobi da maƙwabtansu na Segbana da Malanville, naira a wannan aljihu, sefa a wancan. Mutumin da ke zaune a irin wannan wuri yana iya samun kansa cikin harkar hannun jari ta hanyar gado, ko ta abin da ya saya lokacin da bankuna suka yi ta tallar hannayen jarinsu tsakanin 2004 da 2007, ko kuwa ta wayar da ke hannunsa a yau. Kuma tun da yana tsakanin ƙasashe biyu masu dokoki biyu, ya fi kowa bukatar sanin wa yake da ikon hukunta wa.

Ma'anar kalmomi

Hannun jari shi ne rabon da mutum ya mallaka a cikin kamfani gwargwadon abin da ya zuba, yana cin riba in an samu, yana ɗaukar hasara in ta auku. Kasuwar hannun jari ita ce dandalin da ake saye da sayar da irin wannan rabo, tare da takardun bashin gwamnati da na kamfanoni. Dillalin hannun jari kuwa kamfani ne mai lasisi wanda shi kaɗai aka yarje wa ya shiga dandalin ya saya ko ya sayar a madadin jama'a. Rajista ita ce shigar da sunan kamfanin cikin kundin hukuma bayan an binciki jarinsa da cancantar shugabanninsa, lasisi kuwa shi ne izinin yin aikin. Akwai kuma manajan asusu, watau wanda ake danƙa wa kuɗi ya juya su bisa wasu sharuɗɗa, kuma rajistarsa dabam take da ta dillali.

Aikin dillalin nan bai bambanta a asali da na dillalin kara ba. Mai saniya yakan miƙa igiyarta ga dillali, ya gaya masa abin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, ya koma inuwa ya zauna. Mai saye ya taya, a ce albarka, ya ƙara, har a daidaita, sa'an nan dillali ya kawo kuɗi ya karɓi la'adarsa. Idan ya ɓoye wani abu daga cikin kuɗin, akwai shugaban dillalai da sarkin kasuwa, kuma akwai kunyar idon jama'a, gama kowa ya san ƙofar gidansa. Inda aka rabu shi ne, mai saniya yana kallon dabbarsa har a kora ta, alhali mai hannun jari a Bagudo dukiyarsa lamba ce a cikin na'ura a Legas, dillalinsa kuma wataƙila bai taɓa ganin fuskarsa ba. Saboda wannan nisa ne aka kafa hukumomi su tsaya a matsayin sarkin kasuwa.

Hukumomin da ke riƙe da ragama

An kafa kasuwar hannun jari ta Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, aka mai da ita ta Nijeriya baki ɗaya a 1977, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978 da Kano a 1989, sa'an nan a 2021 ta rikiɗe ta zama kamfanin da ake kira NGX, wanda ke da wani sashe na musamman mai sa ido a kan dillalai. A bisanta akwai hukumar SEC, watau hukumar gwamnati mai kula da kasuwar jari, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, hedikwatarta tana Abuja, tana kuma da ofishi a Kano. Dokar zuba jari ta 1999 ta ƙara mata ƙarfi, aka sabunta ta a 2007, sa'an nan a watan Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan wadda ake aiki da ita yanzu.

Ban da waɗannan akwai kamfanin CSCS, wanda ya fara aiki a 1997, shi ne ma'ajin da ake rubuta hannun jarin kowa da sunansa da lambarsa. Akwai cibiyar ƙwararrun dillalai da aka ba doka a 1992, wadda ke jarraba su, take kuma iya cire sunan wanda ya saɓa ladabin sana'a. Akwai kotun musamman ta zuba jari, wadda ta fara zama bayan ƙaddamar da ita a ƙarshen 2002, doka ta umurce ta da ta gama shari'a cikin wata uku, kuma daga gare ta ake ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Idan laifin ya kai ga sata ko zamba, sai a miƙa shi ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda ofishinta na Sakkwato ke kula da jihar Kebbi.

Hasara dabam, cin amana dabam

Wajibi ne tun farko a rarrabe tsakanin hasarar kasuwa da ha'incin dillali, domin a nan yawancin ruɗanin yake. Wanda ya sayi hannun jari a kan naira 50, farashi ya faɗo zuwa naira 10, ya yi hasara, amma ba shi da ƙara a kan kowa muddin da izininsa aka saya kuma ba a yaudare shi ba. Laifin da ake hukunta dillali a kansa shi ne wanda ya shafi amanar da aka ba shi.

Mafi yawan ƙararrakin da masu hannun jari ke kai wa a kan dillalai sun shafi sayar da hannun jarin mutum ba da izininsa ba, da riƙe kuɗin bayan an sayar. Ga yadda abin yakan kasance, bisa misali. A ƙaddara wani malamin makaranta a Ka'oje ya sayi hannun jarin banki a 2005, ya ninke takardar shaidar ya sa a ƙasan adaka tare da takardar gona, sa'an nan Allah ya yi masa rasuwa, magada suka raba gida da gona da awaki, ba wanda ya san abin da takardar nan mai Turanci take nufi. Asusun ya yi shekaru ba motsi, rabon riba yana taruwa ba mai karɓa. Wani ma'aikaci marar tsoron Allah a ofishin dillali ya lura da asusun da ba a taɓa tambaya a kansa ba, ya kwaikwayi sa hannun mamacin, ya rubuta umurnin sayarwa, kuɗin suka bi ta asusun kamfanin suka ɓace. Saƙon gargaɗin da ake aikawa ta waya duk lokacin da aka taɓa asusu ya tafi ga layin da aka daɗe da rufewa. Irin waɗannan asusun da aka manta da su ba kaɗan ba ne, gama a 2023 hukumar SEC ta ce rabon ribar da ba a karɓa ba a ƙasar nan ya kai kimanin naira biliyan 190.

Sauran laifuffukan sun haɗa da cakuɗa kuɗin jama'a da na kamfani, har dillali ya biya bashinsa da dukiyar wani. Da murɗa farashi, watau a haɗa baki a yi ta saye da sayarwa na ƙarya domin a ga kamar hannun jarin yana tashi ko yana faɗuwa. Da cin gajiyar sirrin kamfani kafin a bayyana shi ga jama'a. Da yi wa mai zuba jari alkawarin riba tabbatacciya a kan abin da ba shi da tabbas. Da ba hukuma rahoton ƙarya game da jarin kamfani.

Matakan hukunci

Ƙa'idar da hukuma ta shimfiɗa a 2015 ita ce mai ƙara ya fara rubuta wa dillalin kansa, wanda aka ba kwana 10 na aiki ya warware matsalar. In bai gamsu ba ya tafi ga sashen sa ido na kasuwa, daga nan ga hukumar SEC, wadda ke da kwamitin sauraron ƙararraki mai kiran ɓangarori biyu ya ji ta bakinsu. Hukuncin yana hawa daki-daki: gargaɗi, tara, umurnin sake sayo hannun jarin da aka sayar tare da duk ribar da ta kuɓuce wa mai shi, dakatarwa na wani lokaci, soke rajista, haramta wa shugabannin kamfani aiki a kasuwa na wasu shekaru ko na har abada. Kasuwar tana kuma wallafa sunayen waɗanda aka hukunta domin jama'a su guje su.

Abin lura shi ne, duk waɗannan hukunce-hukunce na ladabtarwa ne. Hukumar SEC ba ta ɗaure kowa da kanta, sai kotu. Kuma umurnin da ta ba kamfani ya biya ba ya haifar da kuɗi a asusun da ya riga ya bushe. An tanadi asusun diyya guda biyu saboda irin wannan hali, amma lokacin da asusun kasuwa ya fara biya a 2015 iyakar abin da mutum ɗaya zai samu naira 400,000 ce, na hukumar SEC kuwa, wanda aka ƙaddamar a wannan shekara da naira biliyan 5, iyakarsa naira 200,000. Wannan yana iya share hawayen ƙaramin mai jari, amma ba ya kusantar haƙƙin wanda ya rasa miliyoyi, kuma ba ya shafar wanda faɗuwar farashi ta ci, balle wanda ya kai kuɗinsa inda babu rajista.

Shari'o'in da suka zama izina

A 2004 Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya umurci kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, sai bankuna suka bazama neman masu sayen hannun jari har cikin ƙananan garuruwa, suna kuma ba mutane da dillalai rance su sayi hannun jarin. Farashi ya yi ta hauhawa har ma'aunin kasuwa ya haura maki 66,000 a watan Maris 2008, sa'an nan ya rikito zuwa kusan 20,000 a ƙarshen 2009. Da ƙura ta lafa, bincike ya nuna cewa wani sashe na tashin nan na ƙarya ne, kuma a 2010 hukumar SEC a ƙarƙashin Arunma Oteh ta gurfanar da mutane da kamfanoni 260 a gaban kotun zuba jari, ta kuma sauke shugabar kasuwar, Ndi Okereke-Onyiuke, a watan Agusta na shekarar.

A 2015, zamanin da Mounir Gwarzo yake shugabancin hukumar, aka dakatar da kamfanonin rukunin BGL, waɗanda suke cikin manyan gidajen dillanci na ƙasar, bayan ƙararraki fiye da 40 daga mutanen da suka ba da kuɗinsu bisa alkawarin riba ƙayyadaddiya, wa'adi ya cika ba a biya su ba. Kamfanin ya garzaya kotu yana ƙalubalantar matakin, amma a 2016 hukumar ta soke rajistar wasu daga cikin kamfanoninsa, ta kuma haramta wa shugabansa Albert Okumagba da mataimakinsa aiki a kasuwa na shekara 20. Ba a daɗe ba sai ga batun kamfanin Partnership, wanda Arnold Ekpe, tsohon shugaban rukunin bankin Ecobank, ya wakilta ya sayar masa da hannun jari a 2016. Aka sayar, amma akasarin kuɗin, waɗanda jimlarsu ta haura naira biliyan 1, ba su iso hannunsa ba. A 2017 hukumar ta haramta wa shugaban kamfanin, Victor Ogiemwonyi, harkar kasuwar jari har abada.

Darasin da ke cikin waɗannan shari'o'i a fili yake. Girman suna da rajista ba su hana cin amana ba; kuma idan mutumin da ya shugabanci banki mai rassa a ƙasashe fiye da 30 zai iya faɗawa hannun dillali, to manomin shinkafa a fadamar Illo ya fi cancantar yin hattara. Haka kuma a kowace shari'a an fi saurin korar mai laifi daga kasuwa a kan mayar wa masu haƙƙi da dukiyarsu.

Waɗanda ba su cikin kundi, da abin da ke ƙetaren iyaka

Hukuncin ladabtarwa yana cin wanda yake da lasisin da za a karɓe ne. Wanda bai taɓa yin rajista ba, ba shi da abin da zai ji tsoron rasawa, kuma irinsa ne ya fi yi wa talakawa ɓarna. Tsarin MMM ya durƙushe a watan Disamba 2016, hukumar inshorar ajiyar banki ta ce 'yan Nijeriya kimanin miliyan 3 sun rasa naira biliyan 18. A 2019 hukumar SEC ta rufe ofisoshin kamfanin Dantata Success and Profitable a Kano saboda karɓar kuɗin jama'a ba tare da rajista ba. A watan Afrilu 2025 dandalin CBEX na intanet ya rufe da dukiyar mutane masu yawa, hukumar ta bayyana cewa bai taɓa samun rajistarta ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake dillalin hannun jari, ko da yake sukan ari kalmomin kasuwa su yi ado da su. Asalin aikinsu shi ne biyan na farko da kuɗin na baya har ranar da sababbin shiga suka ƙare.

Maƙwabtanmu na Benin sun ɗanɗana irin wannan. Kamfanin ICC Services ya yi shekaru yana karɓar ajiya bisa alkawarin ribar da ta kai ninki biyu na uwar kuɗi, har ya rushe a 2010. Aka ƙiyasta cewa shi da ire-irensa sun tara fiye da sefa biliyan 150 daga mutum kimanin 150,000. Shugaba Boni Yayi ya sallami ministan cikin gida saboda batun, amma sai a farkon 2019 wata kotun musamman a Porto-Novo ta yanke wa manyan shugabannin kamfanin ɗaurin shekara 10.

Ita Benin ba ta da kasuwar hannun jari tata ita kaɗai. Tana tarayya da Nijar da Togo da Burkina Faso da Mali da Senegal da Gini Bisau da Kodebuwa a kasuwa ɗaya mai suna BRVM, wadda ta fara aiki a Abijan a 1998, tana da hukumar sa ido tata da ake kira AMF-UMOA, dillalanta kuma da Faransanci suke aiki, da sefa suke ciniki. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwar Tsamiya ko Lolo ita ce, lasisin Abuja ba ya halatta wa kowa karɓar kuɗi a Segbana, lasisin Abijan ma ba ya halatta wa kowa a Bagudo. Wanda kuma ya ba da kuɗinsa a can, can zai kai ƙara, da harshensu da dokarsu. Hukumomin Nijeriya da Gana da na ƙasashen sefa sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a 2015, amma musayar bayanai tsakanin ofisoshi ba ta kai saurin mazambacin da zai hau babur ya ƙetare iyaka kafin la'asar ba.

Musabbabin ɓarnar

Dalili na farko shi ne tsohon tsarin da kuɗin ciniki ke fara sauka a asusun dillali kafin su isa ga mai su, wanda ya sa amana a hannun mai bukata. Domin toshe wannan ƙofa aka fito da tsarin biya kai tsaye a farkon 2016, inda kuɗin ke tafiya daga ma'aji zuwa asusun bankin mai hannun jari. Na biyu shi ne raunin jarin wasu dillalai bayan faɗuwar 2008, abin da ya sa hukuma ta ɗaga mafi ƙarancin jarin babban dillali daga naira miliyan 70 zuwa miliyan 300, aka cika wa'adin a 2015. Na uku shi ne nisa da harshe, tun da yawancin dillalai a Legas suke, takardunsu kuma da Turanci. Na huɗu jinkirin shari'a, gama an shafe shekaru ana jayayya a kan ko kotun zuba jari ce ko Babbar Kotun Tarayya ke da hurumin irin waɗannan ƙararraki, sai a 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa kotun zuba jari huruminta. Na biyar kuwa tsadar rayuwa da faɗuwar darajar naira, musamman tun daga 2023, waɗanda ke tura mai ɗan abin hannu neman inda kuɗinsa ba za su narke ba, kuma mutanen bakin iyaka sun fi kowa ganin haka a wurin 'yan canji.

Saɓanin ra'ayi

Masu zuba jari da dama suna ganin hukuncin ya yi sauƙi kuma yana zuwa a makare. Hujjarsu ita ce, haramta wa mutum kasuwa bayan ya kwashe abin da zai ishe shi har mutuwa ba horo ba ne, kuma tarar da ake ci tana shiga asusun hukuma ne alhali mai haƙƙi yana jira. Suna son a riƙa ƙwace kadarorin shugabannin kamfani tun farkon bincike.

Dillalai kuwa suna da nasu ƙorafin. Suna cewa hukuma ɗaya ce ke tuhuma, ita ke bincike, ita kuma ke yanke hukunci a kwamitinta, wanda hakan yana iya tauye haƙƙin wanda ake zargi. Kuma da zarar an ambaci sunan kamfani a jarida ya mutu, ko da daga baya kotu ta wanke shi. Suna ƙara da cewa ɗaga jari yana kashe ƙananan dillalai masu gaskiya, waɗanda su ne za su iya buɗe ofishi a garuruwa irin su Birnin Kebbi, sai fili ya zama na 'yan damfara. Akwai kuma abokan cinikin kamfanin da aka dakatar waɗanda ba su ci ba su sha ba, amma sai sun sha wahalar mayar da asusunsu zuwa wani dillali kafin su iya sayar da abinsu.

Ra'ayi na uku yana ɗora wani kaso na alhakin a kan masu ba da kuɗin, bisa karin maganar nan cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari, tun da wanda aka ce za a ninka masa kuɗi cikin wata guda ya kamata hankalinsa ya tambaye shi daga ina. Wannan magana tana da ƙarfi a kan masu shiga tsarin ninka kuɗi da idonsu a buɗe, amma ba ta hau kan marayan da aka sayar da gadonsa bai sani ba.

Mahangar fiƙihu

Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a masarautar Gwandu da Bagudo take cikinta, sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idojin da suka dace da wannan babi. Dillali wakili ne, wakili kuma amintacce ne, ba ya lamunin abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi ta'addi, watau ya ƙetare umurnin da aka ba shi, ko ya yi sakaci. Wannan ita ce iyakar da dokar kasuwa ma ta ja tsakanin hasara da ha'inci. Murɗa farashi yana kama da najashi, watau mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani, kuma haramcinsa sananne ne. A babin ƙiradi, wanda ake kira mudaraba, sharaɗin riba ƙayyadaddiya ko lamunin uwar kuɗi yana ɓata ƙullin, saboda haka alkawarin riba tabbatacciya abin tuhuma ne a shari'a kafin ya zama abin tuhuma a doka. Fuƙaha'u sun yi saɓani a kan ta'aziri da cin tara, wasu sun hana, wasu sun halatta a wasu wurare, amma ba su saɓa ba a kan wajabcin mayar da haƙƙi ga mai shi.

Game da halaccin hannun jarin kansa, da yawa daga malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa ya halatta idan sana'ar kamfanin halal ce kuma ba ta ginu a kan kuɗin ruwa ba, shi ya sa aka kafa ma'aunin kamfanonin da suka dace da shari'a a kasuwar Legas a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fara fitar da sukuk, watau takardun jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017. Sai dai sunan Musulunci a kan allon kamfani ba ya maye gurbin rajista, domin mazambata sun san abin da ke sanyaya zuciyar mutanenmu.

Abin da ake tsammani nan gaba

Dokar 2025 ta faɗaɗa ikon hukuma ta fuska biyu: ta shigar da kadarorin intanet irin su kirifto cikin abin da ake sa wa ido, ta kuma tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin da ya kai shekara 10, ko duka biyun, ga masu kafa tsarin ninka kuɗi. Ana sa ran dillalai za su ragu a yawa su ƙaru a girma, cinikin kuma ya koma cikin waya, wanda hakan zai kawo kasuwar har Bagudo ba tare da ofishi ba, ya kuma kawo masu kwaikwayonta ta hanya guda.

Bisa ga haka, kariyar da ta fi amfani ita ce wadda ake yi kafin kuɗi su bar hannu: a nemi sunan kamfanin a jerin masu rajista na hukumar ƙasar da ake ciki, a tabbata rajistar ta aikin da yake tallatawa ce, a buɗe asusun ma'aji da sunan mai dukiya da lambar wayar da yake amfani da ita, a cika takardar biya kai tsaye da ta karɓar rabon riba ta banki, kada a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum da sunan kamfani, a kuma rubuta hannun jari cikin wasiyya, magada su nemi takardar kotu su karɓi abinsu da wuri. Su kuma hukumomi, adalcin da za a yi musu shi ne a yarda cewa korar maciya amana tana tsarkake kasuwa, sa'an nan a auna nasararsu da ma'aunin da ya fi damun mai haƙƙi, watau nawa aka ƙwato daga cikin abin da aka ci, cikin wane tsawon lokaci, kuma ko an sanar da sunayen waɗanda aka hukunta da Hausa a gidajen rediyon da mutanen karkara suke saurare.